Kada a bar kwamfutar ta yi barci

Uwata,

Albishirinki! Intanet ta dawo gidan nan, kuma tsohon da kuke yi wa dariya don yana latsa waya da yatsa ɗaya ne ya dawo da ita.

Tunda na'urar wayfai ta ƙone jiya, ga ki da ganawar neman aiki ta intanet ƙarfe goma, na yi sammako na kakkaɓe tsohuwar kwamfutata. Na zare igiyar intanet daga gawar na'urar na soka mata, na shiga latse-latse. Sau biyu ina goge abin da ban san sunansa ba. Can sai wayata ta kama wayfai daga kwamfutar! Ihun da kika ji cikin barci ba ɓarawo ba ne, ni ne.

Lambar sirri tana manne a jikin firji.

Matsala ɗaya: kwamfutar ta ɗauko halin mai ita. Minti goma ba a taɓa ta ba sai barci, intanet ta ɗauke. Ina neman inda ake hana ta barcin sai motar ofis ta fara hon. Don haka na ɗauki mamanki aiki, ta riƙa motsa linzamin kwamfutar duk minti biyar. Ta ce, "Wannan ne injiniyancin?" Amma ta jawo kujera.

Ki zauna a falo, don intanet ɗin ba ta kaiwa ɗakinki.

Allah ya ba da sa'a. In sun tambayi inda kika gaji basira, ki ce wajen mamanki. A ganawa gaskiya ake so.

Babanki