Ku Gwada Ɗana, Ko Da Faɗuwa Zai Yi

Zuwa ga Malam Hedimasta na makarantar firamaren ƙauyenmu, ƙasar Wurno, da kuma jami'an da ke zuwa gwada yara lissafi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke aiki tare da kai, da fatan damina ta sauka muku da alheri. Ni ce uwar Muntari ɗan aji biyu, ɗan marigayi Sa'adu manomin albasa, wanda ka zo gaisuwar rasuwarshi da kanka. Ban manta ba, Allah ya ba da lada. Karatuna bai wuce aji biyar ba, in ka ga kuskure cikin rubutuna ka yi haƙuri. Na rubuto a fili ne don na riga na zo ofishinka mun yi magana tsakaninmu, ba abin da ya sake, kuma ba ni kaɗai ce uwar da abin ya shafa ba.

Ga wanda bai sani ba, bana an kawo wani tsari makarantarmu. Jami'ai na zuwa sau uku a shekara, farko da tsakiya da ƙarshe, su gwada 'yan aji biyu tarawa da ɗebewa, yaro ɗaya bayan ɗaya, don a san inda ya faro da inda ya kai. Wanda anka ga yana baya sai a sa shi darasin ƙari bayan an tashi makaranta. Lokacin da anka yi shelar wanga tsari a masallaci mijina na da rai. Ya shigo gida yana murna, ya ce yanzu dai yaro ba zai ɓace cikin taro ba, za a dube shi shi kaɗai. Shi bai yi boko ba, amma ya so Muntari ya yi. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a koma hutu. Bai ga ko gwaji ɗaya ba, kuma wani lokaci ina gode wa Allah da bai gani ba.

Abu na farko, gwajin farkon shekara.

Ina cikin takaba, ba na fita. Rannan Muntari ya dawo gwiwoyinshi duk ƙasa, aljihun wandon makaranta ya yage, amma fuskarshi a sake. Ya ce malama ta zaɓe shi, shi da wasu, su tafi ƙorama bayan makaranta su tsinto tsakuwa, don baƙi na so kowane yaro ya yi ƙirga da ita. Sun cika gwangwani sun miƙa ta taga, anka ce su koma su samo masu santsi. Da sunka dawo karo na biyu motar baƙi ta tafi.

Ranka shi daɗe, tun rasuwar ubanshi ban ga haƙoran yaron nan ba sai rannan. Na shafa kanshi, na sa mashi albarka, na ce ka ga, malama ta san kai mai hankali ne. Na ɗinke aljihun ina jin daɗi. Cikin duk abin da anka yi mana, wannan ya fi ci mani rai. Kun sa na yi wa ɗana barka a kan abin da ya kamata in yi kuka.

Abu na biyu, gwajin tsakiyar shekara, wanda ya faɗo lokacin cirar albasa.

Yaran da anka aika karon farko, su anka sake aikawa. Wannan karo ya dawo bai ci abinci ba, ya kwanta ya juya fuska bango. Sai da na lallashe shi sannan ya gaya mani abin da ya gani. Da ya je ofis karɓar gwangwani, ya ishe na wancan karon a bayan ƙofa, cike yake, ba a ko taɓa shi ba. Ya kuma lura duk waɗanda anka aika 'yan layin baya ne, waɗanda ba a tambaya a aji. Kuna ganin yaron da bai iya ɗebewa ba, ba zai iya gane wanga ba? Ya gane. Dukansu sun gane. Sauran yara ma sun gane, don tun rannan suke kiransu 'yan tsakuwa, har a wurin wasa, har a makarantar allo.

Yanzu in ya ji ƙarar mota da safe sai ya tsaya da takalmi a hannu ya ce, "Inna, yau ranar tsakuwa ta?" In na ce ban sani ba, sai ya ce cikinshi na ciwo.

Na gama takaba a lokacin, don haka na sa hijabi na zo ofishinka. Ka karɓe ni da mutunci, ka sa anka ba ni kujera. Ka ce in yi haƙuri, yaro maraya ne, tausayinshi kunka ji, ba ku so baƙi su firgita shi da tambayoyi yana cikin jimami. Ni ban saba tsayawa gaban maza in yi gardama ba. Na ce na gode, na fito. Tun daga ƙofar makaranta har gida ina juya amsar a raina, yau zan faɗe ta.

Yaran da kunka aika ƙorama, mafi yawansu ubanninsu na da rai, ina ganinsu kullum suna wucewa fadama. Su kuma tausayin mi kunka ji musu? Yaron da ya tsaya a tsakar gida ya ga an fita da ubanshi a makara, baƙo mai takarda da fensir ba zai firgita shi ba. An gaya mani, kuma ba zan faɗi wanda ya gaya mani ba, cewa in sakamakon makaranta ya yi ƙasa, ku ake kira a tuhuma, shi ya sa ake kawar da masu rauni. In haka ne, ka ce haka ne, zan fi ganewa. Kowa na tsoron abin da zai taɓa aikinshi. Amma ka bar mamacina ya huta, kada a yi mayafi da mutuwarshi a rufe wannan abu.

Abu na uku, in faɗi gaskiya a kan ɗana, don kada a ce uwa ce take kare nata.

Ban ce Muntari ya iya ba. Tarawa, in ba ta wuce goma ba, yana yi da yatsu. In ta wuce sai ya sunkuya ya ci gaba da na ƙafa. Ɗebewa kuwa, in an rubuta mashi sha biyu a ɗebe biyar, sai ya rubuta sha uku. Haka yake yi tun kaka, haka yake yi yau. Na san ba daidai ba ne, don ba a ɗebe abu ya ƙaru. Na zauna da shi a tabarma, na jera albasa sha biyu, na ce ya ɗauke biyar, ya ƙirga ya ce bakwai. Na ce to rubuta. Ya dubi takarda ya sake rubuta sha uku, ya ce ta takarda daban ta albasa daban. Na san akwai wani aro da ake yi daga gidan goma, an koya mana, amma ya ɓace mani, in na so in nuna mashi sai in ruɗe in ruɗa shi. Rannan har kuka munka yi tare.

Shin wanga ci gaba ne ko tsayuwa wuri ɗaya? Shin haka yara da yawa ke yi kafin kansu ya buɗe, ko nawa ne ke da matsala? Wallahi ban sani ba. Don in sani na kai shi wurinku. Takardar sakamakon zango ta ce "yana ƙoƙari". Zango na farko yana ƙoƙari, na biyu yana ƙoƙari. Ƙoƙarin mi? Wa ya zauna da shi ya gani?

Maƙwabciyata Rabi tana da ɗiya, Safiya, ajinsu ɗaya. Ita tana zama gaba don tana da baki, ana zaton ta iya, shi ya sa ba a aike ta ba. Baƙi sunka gwada ta farkon shekara ta faɗi warwas, ta dawo tana kuka, uwarta ta ji kunya. Anka sa ta darasin ƙari, inda ake ɗaure musu tsinke goma-goma, su kwance ƙulli in za su yi aro. Yau Safiya na ɗebe ashirin da bakwai daga hamsin da biyu ba ta ko taɓa yatsa. Ina yi mata murna har zuciyata, a hannuna ta tashi. Amma ka duba: wadda ta faɗi a gaban baƙi ita ta samu magani, wanda kunka ɓoye shi ya rasa. Na je na roƙa a sa Muntari cikin darasin nan, anka ce sai wanda sunanshi ya fito daga gwaji. To ta yaya sunanshi zai fito, yana ƙorama?

Ba na zargin malamar ajinsu. Yarinya ce, ita kaɗai da ɗaki cike da yara har bakin ƙofa, muryarta a dishe take kafin azahar. Ita ba ta aika kowa ko'ina ba tare da izini ba.

Abu na huɗu, shi ne ya hana ni barin maganar.

Tun rasuwar mijina, yayanshi Baffa Umaru ke riƙe da mu. Shi ke nome gonar, shi ke auno mana hatsi, bai taɓa nuna mana gajiya ba. Labarin 'yan tsakuwa ya kai kunnenshi a majalisa, ana dariya. Ya shigo ya zauna, sannan ya ce in dai sunkuyo ne yaro zai yi shekara yana yi, gara ya sunkuya a fangalin albasar ubanshi, ya koyi dashe da ban ruwa, ya ci gaba da allo da yamma. Ya ce ya ba makaranta zuwa ƙarshen wagga shekara. In ba a nuna mashi abin da yaro ya ƙaru da shi ba, ba zai koma aji uku ba.

Mi zan ce mashi? Ba mugunta yake nufi ba, kuma ba ni da abin nunawa. Mijina yana kwance, kwana kaɗan kafin ya cika, ya kama hannuna ya ce, "Ko mi za a yi, kada a cire shi." Iyakar wasiyyar da ya bar mani ke nan. Bai bar gida na siminti ba, bai bar shanu ba. Wagga magana ɗaya ya bari, kuma ina kallo tana zamewa daga hannuna saboda a ce makarantarmu ta yi kyau a takarda.

Ku kuma jami'ai, da girmamawa nake cewa, kuna aiko da ranar zuwanku tun da wuri, ku ishe aji a share, yara sun yi tsaf, kowa da wurin zama. Ba ku taɓa mamakin ajin da kullum ake zama a ƙasa har bakin ƙofa, rannan ya ishi kowa ba? Da ɗayanku ya zaga bayan makaranta, da ya ga sauran 'yan ajin. Abin da kuke ɗauka ku tafi da shi Sakkwato ba labarin ajin ba ne, labarin layin gaba ne.

Gwajin ƙarshe ya kusa. Ga abin da nake roƙo.

A gwada Muntari, shi da duk yaran da anka aika, kowa da sunanshi. A kira suna daga rajista kafin a fara, wanda ba ya nan a tambayi inda yake. Kada a sake aika ɗan kowa ƙorama, balle yanzu da ta kawo ruwa. Tunda an hana su gwaji biyu, ba wanda zai san inda sunka faro, wannan ya riga ya wuce, ba ya dawowa. Amma a rubuta inda suke yau, a sa su darasin ƙari tun yanzu, kuma a ci gaba da su in an dawo hutu. Ina kuma roƙon ka samu Baffa Umaru da kanka, namiji da namiji, ka gaya mashi abin da ya faru ba laifin yaron ba ne, ka nemi ya ƙara mashi shekara. Maganarka za ta shiga inda tawa ba ta shiga.

Ranar gwajin zan riƙo hannunshi in kawo shi, in zauna ƙarƙashin itacen dogon yaro na bakin aji har a gama. Ba rigima za ta kawo ni ba, ba zan ce uffan ba. So nake ya leƙo ta taga ya gan ni. Ba na neman a ƙara mashi maki ko ɗaya don maraya ne. In sha uku ya rubuta, ku rubuta cewa sha uku ya rubuta. In ya faɗi, ku fito ku dube ni ku ce ya faɗi. Kada ku ji nauyina, bana an gaya mani abin da ya fi wannan.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya raya maka ɗiyanka, ya sa ka ga girmansu da idonka. Allah ya sa duk inda sunka shiga neman ilimi a zaunar da su a dube su. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyauta namu ƙarshe.

Wassalam.

Uwar Muntari,
daga ƙasar Wurno.