Geron da Ishaya Ya Shuka

Lahadi da dare, watan Oktoba, Gwaram

Yau na kai damin gero na farko cocinmu a Birnin Kudu don sujadar godiya. Ishaya ne ya shuka shi da hannunsa, amma ko noman farko bai kai ba Ubangiji ya kira shi. Malam Sale maƙwabcinmu ne ya tsaya mini har girbi. Da safe da kansa ya ɗaure damin a saman mota, ya ce, "Maman Rahila, ki kai, ki yi addu'a irin taku. Mijinki mutumin kirki ne."

A coci na kasa waƙa. Sai waiwayen layin maza nake yi, ina neman muryar nan tasa da kullum take riga ta kowa tashi. Fasto ya yi wa'azi kan tashin matattu, kuma har zuciyata na gaskata. Amma ni ranar ta yi mini nisa. So nake Ishaya ya shigo yanzu, ƙafafunsa duk taɓo, ya ce miyata ta yi gishiri.

Ya Yesu, ka yafe mini gajen haƙuri. Na san yana wurinka. Kewarsa ce kawai ta ishe ni.