Motar da Inna ta kasa hawa

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Illela lafiya lau.

Jif ɗin da ka sa na gwada kafin ka saya wa gida, na kai ta Sakkwato, na bi yashin hanyar Kalmalo da ita. Birki na kamawa, ba ta shan mai da yawa, shi ya sa na ce ka saya. Tsayinta ne ban duba ba.

Ran Litinin za mu asibiti, Inna ta kasa hawa saboda gwiwarta. Sai na ɗauke ta cak a gaban maƙwabta. Da muka hau titi ta ce, "Umaru, yau ni anka ɗauka kamar buhun gero?" Tun ranar ta ƙi shiga.

Laifina ne, Yaya. Na duba komai, na manta da wadda aka sayo motar dominta. Na sa kafinta ya yi mata matakala. Ka rubuto ka lallashe ta, maganarka take ji.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙaninka,
Umaru