Lauza da Mai Gidan Hawa na Uku

Binzart, farkon hunturu

Zuwa ga Shadliya, uwar Nizar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin naki? Ya 'yarmu Wafa da mai gidanta da yara? Allah ya sa likitocin Tunis sun fi namu na nan garin Binzart sakin fuska, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da kunnen nan da injin jirgin ruwa ya cinye. In kin yi magana a waya ba abin da nake ji sai kamar ana suyar kifi, shi ya sa na rubuto, na ba Hadi direba ya kawo miki tare da kwalbar zaitun.

Yanzu bari in kawo ƙarar amanar da kika bar mini. Ranar da kika shigo da 'yar kwikwiyar nan a cikin kwandon cefane, na ce miki ba za ta kwana a gidana ba. Kika ce tun da Nizar ya tsallaka Italiya gidan ya zama kamar maƙabarta, kika raɗa mata suna Lauza, kika yi mata shimfiɗa da tsohuwar rigar sanyina. Ba a yi mako ba kika tafi asibiti kika bar ni da ita.

Shadliya, abin nan bai fi tafin hannuna ba, amma ban san inda take ajiye ruwan da ke fita daga jikinta ba. Ta yi a kafet ɗin falo, ta yi a ƙarƙashin teburin cin abinci, ta yi a cikin takalmina na zuwa masallaci. Shekaranjiya na shimfiɗa sallaya na juya in yi alwala, na dawo na tarar ta riga ni. Na naɗe jarida na maka mata, na dangwara hancinta a wurin, kamar yadda na ga ana yi. Ta yi ƙara ta shige bayan kujera.

Na kai ta wurin likitar dabbobi ta kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. Yarinya ce da ba ta kai Wafa ba. Ta ce kada in fita da ita titi sai an gama mata rigakafi, in ba haka ba cuta za ta kashe ta. Ta ce in zuba yashi a babban tire in ajiye a baranda, in riƙa ɗora ta a kai da zarar ta farka ko ta ci abinci. Na naɗe kafet duka na jingine, na shimfiɗa jaridu. Gidan da kika sani yanzu sumul yake kamar ɗakin wankan gawa.

Kin san ni. Na yi rayuwata a aikin sojan ruwa, inda ake duba tsafta da farin hankici. Wallahi babu abin da na tsana a duniya kamar warin fitsari a ɗaki. Yana hana ni cin abinci, yana bi na har cikin barci. Duk abin da ba zai iya riƙe kansa ba, ai ba cikin mutane ya kamata ya zauna ba. Ki yi sauri ki warke ki zo ki karɓi kayanki.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Munji

Binzart, tsakiyar hunturu

Zuwa ga Shadliya,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da na yara. Hadi ya ce ya miƙa saƙo hannun Wafa, amma bai dawo mini da ko layi ɗaya ba. Wafa ta aiko cewa an yi aikin kuma an yi nasara, kada in zo tukuna, likita ya hana baƙi. Ni ne baƙo? To, na ji. Amma hannunki ai ba a yanka shi ba.

Lauza ta ƙara wayo, ba irin wanda nake so ba. Tun da na dake ta, ba ta ƙara yi a gabana ba. Sai ta faki idona ta shige bayan kujera ko ƙarƙashin gado, ni kuma in yi ta bin wari da tsumma da ruwan khal mai kashe wari ina rarrafe. In na ɗora ta a kan tiren sai ta tsaya tana rawar jiki tana kallona, ba za ta yi komai ba. Ina sauke ta, ta gudu ta ɓoye ta yi.

Maƙwabcinmu Si Larbi na hawa na biyu ya tare ni a matakala ina ɗauke da ledar jaridu. Ya toshe hanci ya ce, “Si Munji, an ce ka samu jika da tsufanka, ba ka gayyace mu suna ba.” Na ce masa jikar tawa ta fi 'ya'yansa natsuwa. Ya yi dariya, amma ya ƙara da cewa matarsa tana ƙorafin ruwan da ke ɗiga daga barandarmu zuwa kan shanyarta. Na ji kunya ƙwarai.

Da haushin wannan na rufe ta a baranda yini guda, ranar ana ruwa da iskar teku. Da na buɗe da la'asar na same ta a kwance a jikin ƙofa, jiƙe sharkaf, ko kuka ba ta iya yi. Na naɗe ta a tawul na sauka da gudu, gwiwa ko ba gwiwa. Likitar ta yi mata allura, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce abu ƙarami haka mafitsararsa ba ta kai ƙwayar zaitun ba, ba taurin kai ba ne, jikin ne bai iya ba tukuna. Ta ce in zan ci gaba da yi mata tsawa gara in kawo ta a ba wani.

Ta yi kwanaki ba ta cin komai sai abin da na ɗiga mata da cokali. Yanzu ta tashi. Na ce in gaya miki da kaina kafin Si Larbi ya riga ni.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Mijinki,
Munji

Binzart, ƙarshen hunturu

Zuwa ga matata Shadliya,

Ina gaishe ki. Ba zan tambayi jikinki ba, don yanzu na sani.

Wafa ta zo ranar Juma'a ita kaɗai. Ta ƙi zama, ta ƙi shan shayi. Ta tsaya a tsakiyar falo a kan jaridun nan ta ɗaga murya don in ji da kyau. Ta ce ciwon daji ne. Ta ce sun cire mafitsarar gaba ɗaya, sun yi miki ƙofa a gefen ciki, fitsari yana sauka cikin wata 'yar jaka da ake mannawa, wani lokaci kuma tana yoyo. Ta ce wasiƙata ta farko ta same ki kwana kaɗan bayan kin farfaɗo, kin karanta, kin ninke, kin ce ba za ki ƙara komawa Binzart ba. Ba likita ne ya hana ni zuwa ba, ke ce.

Na ce mata ai kare nake nufi. Ta ce, “Baba, ta san kare kake nufi. Amma ta zauna da kai shekaru masu yawa, ta san kuma gaskiyarka ka faɗa.”

Washegari na bar wa matar Si Larbi makulli na shiga motar Hadi. Kin san sauran. Na zauna a kujerar da ke bakin ƙofar ɗakinki a gidan Wafa tun hantsi har aka kira la'asar, ina jin motsinki, ba ki buɗe ba. Ban yi fushi ba. Da ni ne, ban san ko zan buɗe ba.

Ba zan ce miki hancina ya canza ba, za ki gane ƙarya nake. Abin da zan iya gaya miki shi ne abin da nake yi kullum tun bayan rashin lafiyar Lauza. Na daina tsawa. In ta farka na ɗauke ta na kai ta baranda, na zauna a kan bokiti na juya mata baya, don na lura ba ta iya yi in ana kallonta. In ta yi sai in ba ta ɗan guntun kifi. In ta kuskure a ɗaki sai in goge ban ce komai ba. An daɗe ana haka babu wani canji. Sai ran nan ina karin kumallo ta zo ta tsaya a ƙofar baranda tana kallona tana ɗan kuka. Na buɗe mata, ta hau tiren da ƙafafunta. Har yanzu takan kuskure, amma ta daina ɓuya.

Na gyara ɗakinmu. Na matsar da gado kusa da banɗaki, na sa wa ƙofar banɗakin sakata ta ciki, don in kin shiga ki san babu mai shigo miki. Wafa ta rubuta mini sunan jakunkunan, mai kantin magani ya ce zai riƙa kawowa. In kuma zaman karen ne zai dame ki, likitar ta samo mai karɓa, ki faɗa kawai.

Wafa ta gaya mini abin da likitoci suka ce game da sauran lokaci. Kada ki ƙarar da shi a ɗakin baƙi na gidan suruki. Gidanki ne nan, ke kika zaɓi labulensa. Ki dawo ki yi fushin da ni a nan.

Ina jiran Hadi.

Munji

Binzart, farkon zafi

Zuwa ga ɗana Nizar,

Bayan gaisuwa da addu'a. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Ya ƙarin haƙuri? Wafa ta ce ka yi ta kuka a waya kana cewa za ka taho. Kada ka taho. Ba ka da takardu, in ka fito ba za ka koma ba, kuma ba abin da za ka tarar sai ƙasa da aka riga aka tura. Mahaifiyarka da bakinta ta ce in hana ka. Ka yi mata addu'a daga inda kake, tana isa.

Ka ce in ba ka labarin kwanakinta na ƙarshe. A waya ba zan iya ba, to ga shi.

Ta dawo gida lokacin da lemo ya fara fure. Ta rame har na ɗauke ta a hannu na hau da ita bene. Da muka shiga, 'yar karen da ta tsinto kafin tafiyarta ta fito tana murna har ta saki fitsari a bakin ƙofa. Na tsaya da ita a hannu. Mahaifiyarka ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce in sauke ta a kujera in je in ɗauko tsumma.

Makonnin farko ita take yi wa kanta komai. Ta shiga banɗaki ta sa sakata, ta daɗe, ta fito da ƙulli a leda, ba ta yarda in taɓa ba. Zanen gado ma in ya ɓaci da kanta take cirewa ta jiƙa. Muna cin abinci tare, muna kallon teku daga taga, tana yi mini gyara a kan yadda nake dafa kuskus. Lauza kullum tana kan ƙafafunta. Maganar abin da ya faru tsakaninmu ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Daga baya hannunta ya daina ƙarfi. Wata safiya na ji ta kira sunana daga ɗaki. Na tarar jakar ta ɓalle, gado ya jiƙe, ita kuma tana kwance ta kasa tashi. Na kawo ruwan ɗumi. Na wanke ta, na goge wurin kamar yadda takardar ta nuna, na fara manna sabuwa. Duk tsawon lokacin idonta yana kan fuskata. Na yi iya ƙoƙarina kada fuskar ta nuna komai, ina tsammanin na yi nasara. Sai ta ce, “Munji, kana riƙe numfashi.”

Gaskiya ta faɗa, ban ma san ina yi ba. Na saki, na ja iska sosai a gabanta, har idona ya kawo ruwa. Ta yi 'yar dariya wadda ta sa ta riƙe ciki don zafi. Ta ce, “Ƙarasa, soja. Ga shi ka manna ta a karkace.”

Daga ranar ni nake yi mata, safe da yamma, har zuwa ranar Talatar da ta cika bayan azahar, hannunta a cikin nawa. Ban san ko ta yafe mini ba, ban tambaya ba. Amma ba ta ƙara sa sakatar ba.

Kwanakin zaman makoki gidan ya cika. Masu karatun Alƙur'ani suka ce ba za su zauna da kare a ɗaki ba, matar Si Larbi ta tafi da ita wurinta. Da aka watse ta dawo mini da ita, sai na ga duk abin da ta koya ya zube. Ba ta zuwa ƙofar baranda. Tana zagaya gidan tana shinshine-shinshine, ta je bakin ɗakin mahaifiyarka ta tsaya, ta yi a nan. Likitar ta ce haka suke yi in gida ya rikice, sai an sake daga farko.

Wafa tana so in koma Tunis wurinta, amma mijinta ba ya zama da kare. Na ce mata ba yanzu ba. Na sake naɗe kafet, na roƙi Si Larbi ya riƙa tara mini tsofaffin jaridu, kuma bai yi mini ba'a ba. Da safe ina da abin da zai tashe ni.

Ka ci abinci sosai, ka kiyaye sallarka, ka riƙa kiran 'yar'uwarka. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifiyarka.

Mahaifinka,
Munji