Rabin Ƙwaya

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Yau shekara tara da wata huɗu da na baro Funtuwa. Shekara uku na ce wa Inna zan yi. To.

Na je kantin magani na nan Beltsville, a Amurka, karɓo wa matata Ɗija maganinta na wata. Sikila ta cinye mata ƙashin ƙugu, in ba ƙwayar nan ba ko banɗaki sai na ɗauke ta. Chundung na tarar, 'yar Jos ɗin nan mai haɗa magani. Ta duba kwamfuta ta ce, "Malam Ilu, mai arahar ya ƙare, kuma ba zai dawo nan kusa ba."

Wai kamfanin da ya ƙirƙiro maganin ne ya kai ƙananan kamfanonin da ke yin irinsa kotu, ya ce haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Da farko an ba ƙananan gaskiya, shi ya sa muka yi shekara biyu muna saye da sauƙi. Yanzu an ɗaukaka ƙara, magana ta juya, an ce su daina. Na ce ba magani ɗaya ba ne? Ta ce ɗaya ne, suna da kala ne suka bambanta. A da dala ɗari da talatin nake biya. Na asalin ɗari huɗu da goma. Ɗija ba ta da inshora.

Ta rage murya ta ce in ya yi yawa in faɗa mata. A bayana kuwa ga wani dattijo ɗan Kumasi da muke masallaci ɗaya, yana jin Hausa tar. Na ce wane yawa? Katin banki na manta a gida, ki ba ni na kwana goma.

Laraba, 5 ga Maris

Ina wurin aiki a Bowie tun bakwai na safe. Mista Purnell, tsohon da nake jinya a gidansa, ya tashi da barkwancinsa. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a Washington, yanzu ciwon daji ya kama masa ƙashin baya, suga kuma ya tafi da idanun. "Lu" yake ce min, ya ce Ilu ya yi masa tsawo. Na yi masa wanka, na aske shi, na ba shi ƙwayar safe a cikin cokalin markaɗaɗɗen tuffa kamar kullum, don ba ya iya haɗiya da ruwa.

Ina riƙe da ƙwayar na lura. Irin ta Ɗija ce, ta asalin. Shi inshorar tsohon aikinsa ke biya, bai ma san an yi wata shari'a ba.

Ba na jin haushinsa. Da guminsa ya samu.

Talata, 11 ga Maris

Na karanta labarin shari'ar a jarida a cikin bas. In don gaskiya, wanda ya haƙa rijiya yana da bakin magana a kan ruwanta. Amma duk cikin lauyoyin nan babu wanda ya taɓa ɗaukar matarsa zuwa banɗaki.

Jumma'a, 14 ga Maris

Maganin Ɗija ya ƙare jiya. Na dawo na same ta a ƙasa kusa da kujera, ta ciji ɗankwali don kada maƙwabta su ji. Ta ce, "Malam, kar ka damu, da sauƙi." Goshinta sharkaf.

Albashi sai ran ashirin da takwas, kuma kuɗin haya na jiransa.

Litinin, 17 ga Maris

Constance, 'yar Mista Purnell, ita ce ke cika akwatin magani duk Lahadi, rami-rami, na safe da na dare. Na safe nawa ne. Na dare na Dorkas ne, 'yar Kafanchan da ke karɓar aiki daga hannuna ƙarfe uku. Ba a ƙirga komai sai ramin: in babu komai a ciki, an sha.

Na ɗora ƙwayar safe a katakon yanka albasa, na sa wuƙa. Ta yi tauri, ba ta da layin nan na tsakiya. Rabi a cokalin tuffa, rabi a takarda a aljihun riga.

A gida haka muke yi. Inna ta sha raba ƙwaya ɗaya tsakanina da ƙanena, duk muka warke. Aro na yi, zuwa ƙarshen wata.

Ya haɗiye ya ce, "Na gode, Lu."

Laraba, 19 ga Maris

Ɗija ta tambayi inda nake samo rabi-rabin. Na ce Chundung ce ke ɗan taimaka mana a ɓoye, kada ta faɗa wa kowa. Ta ɗaga hannu ta yi ta yi wa yarinyar addu'a. Ni na ce amin.

Rabin yana sa ta jiri da amai, ta yi barci kamar an buge ta, amma ta miƙe ta dafa shinkafa yau.

Alhamis, 27 ga Maris

Wajen canjin aiki Dorkas ta tare ni a kicin. Ta ce, "Yaya Ilu, kai a hannunka lafiya yake? Ni da na karɓa sai ya fara. Kafin biyar yana kuka kamar yaro, yana kiran matarsa da ta rasu. Ni kuma ba dama in ba shi kafin takwas."

Na ce ni dai barci yake yi har azahar. Gaskiya ce kuwa. Tun da na fara, da ya sha sai ya langaɓe, wani lokacin sai na girgiza shi ya ci abinci.

Ta yi dariya ta ce, "Ko dai tofi kake masa? Ka koya min mana, ko na Musulmi ne kawai?" Na taya ta dariya.

Jumma'a, 28 ga Maris

Albashi ya shigo, haya ta ɗauke. Ban daina ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Constance ta biyo kafin ta wuce ofis. Ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon ubanta yana barci, ta ce ni kaɗai ne nake da hannu a kansa. Ta kawo min kofi mai sunana, an ma rubuta shi daidai.

Na ajiye shi a bayan kabad. Ba zan iya sha a ciki ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Sun sallami Dorkas.

Nas ta zo ranar Asabar ta ce ciwon da ke tashi haka alamar ba ya samun maganinsa cikakke ne. Constance ta haɗa lissafinta: a hannun wa yake barci, a hannun wa yake ihu? Ta buga wa kamfanin da ke tura mu aikin jinya waya. Sun dakatar da Dorkas daga duk gidajen da take zuwa har sai an bincika. Ba na ganin laifin Constance. Uba ne, ni ma haka zan yi.

Dorkas ta zo ɗaukar takalminta na aiki. Ta ce, "Yaya Ilu, kai ka san ni. Shekara biyu. Ka faɗa musu mana." 'Ya'yanta uku suna Kafanchan wajen uwarta, ita ke biyan makaranta.

Na ce Allah zai bayyana gaskiya. Da bakina na faɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na yanka yau ma. In na daina yanzu, ya warke da yamma, ai na tabbatar musu ita ce. In ban daina ba kuma... Ban san wanne nake faɗa wa kaina ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ashe duk satin nan Ɗija na tattalin nama. Ta zauna a kan kujera ta daka, ta yi wa Chundung dambu cike da roba. Ta ce ba a cin alherin mutum wata guda a yi shiru kamar ba a san gida ba. Na ce ki bari zan kai. Ina fita sayen burodi ta ɗauki kwalbar magani ta tsohuwa, ta buga lambar da ke jiki, ta nemi Chundung don ta yi godiya da bakinta.

Na kai dambun ban san an yi wayar ba. Chundung ta cire farar rigarta ta ce in biyo ta wajen ajiye motoci.

"Wane rabi ne nake ba ka, Malam Ilu?"

Ashe ta ji komai daga bakin Ɗija a waya.

Ta ce wannan ba irin ƙwayar da ake rabawa ba ce. An yi ta ne ta narke a hankali, awa goma sha biyu. In aka fasa ta, duk ƙarfin sai ya fita lokaci guda, mutum ya langaɓe, kafin yamma babu komai a jikinsa. Ta ce wasu daga wannan barcin ba sa tashi, numfashi ne ke tsayawa. "Ka sa sunana a kan abin da zai iya kashe matarka. Lasisina fa? A ina kake samu?"

Ta san inda nake aiki. Cocinsu ɗaya da Dorkas. Na ga lokacin da ta gane, ta dafa mota.

Sai ta ce abin da ya fi komai ci na. Wai akwai wani tsohon magani, wanda babu mai shari'a a kansa, bai kai dala hamsin ba. Bai kai wancan daɗin jiki ba, amma yana riƙe ciwo. Likita ne kawai zai canza takarda. "Ran nan na ce in ya yi yawa ka faɗa min. Ka ce kati ka manta."

Ta miƙo min robar dambun. Ta ce ba za ta je ko'ina ta faɗa ba tukuna, tana so ta ga ko akwai namiji a cikin rigar.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na faɗa wa Ɗija duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Makaho, Malam? Daga bakin makaho kake cirowa ka sa min a nawa?" Ta juya bango. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa cin abinci ita tana ɗaki ba sai yau.

Talata, 15 ga Afrilu

Cikakkiyar ƙwaya na ba Mista Purnell jiya da yau. Ya wuni a farke, ya ba ni labarin ranar da wata mata ta haihu a bas ɗinsa. Da yamma shiru, ba kuka. Constance ta turo saƙo: "Ka gani? Tun da ta tafi."

Likita ya canza wa Ɗija takarda. Dala arba'in da biyu.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Ban je masallaci ba. In na faɗa, takardar aikina ta tafi. In Constance ta kira 'yan sanda, takardun zama ma. Wa zai ɗauki Ɗija? Sai in koma Funtuwa a ce me ya dawo da shi?

Babu wanda zai sani in Chundung ta yi shiru. Na kama kaina ina addu'ar ta yi shiru.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na faɗa.

Constance ta zo da safe da kayan cefane, uban yana kan kekensa a kicin. Ban shirya ba. Tana cewa za ta nemi a ƙara min awa tun da Dorkas ba ta nan, sai na ji bakina ya buɗe. Na ce ba Dorkas ba ce, ni ne, matata nake kai wa. Rabi ashirin, daga sha bakwai ga Maris zuwa sha ɗaya ga Afrilu. Na nuna mata katakon da wuƙar.

Ta ajiye ledar a hankali. Ta ce, "Na tsaya a ƙofar nan na gode maka." Ta ce ta yi wa baiwar Allah ihu a gaban maƙwabta. Ta ɗauko waya.

Tsohon ya ce ta dakata. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Lu, matarka ta samu sauƙi?"

Na ce ta samu.

Ya ce, "Da ka tambaye ni, a'a zan ce maka. Ciwon nan ba ya rabuwa biyu. Amma da ka tambaya. Kullum sai na ce maka na gode."

Constance ta kira kamfani, ba 'yan sanda ba. Ta ce don shi ne, ba don ni ba, kuma in ajiye makulli a kan tebur. Na ajiye. Na cire takalmin aiki a bakin ƙofa, na taka har tashar bas ban ɗaga kai ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kamfani ya kore ni, sun kai sunana hukumar jiha. Ba zan sake kula da mara lafiya a Maryland ba. Daidai ne. Dorkas ta koma yau. Na buga mata sau biyu, ba ta ɗauka ba. Shi ma daidai ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Sati biyu ke nan ina karɓar tikiti a garejin motoci a unguwar Northwest ta Washington, kusa da ofisoshin jakadanci. Tsayuwa awa tara, hayaƙi, dala takwas. Sabon maganin yana sa Ɗija ƙaiƙayi, amma tana zuwa banɗaki da ƙafarta. Jiya ta zuba mana a kwano ɗaya. Muka ci tare.

An ce shari'ar maganin za a sake komawa kotu. Su je. Na daina sayen jaridar. Ba alƙali ne ya riƙe wuƙar ba, sata na yi. Na rubuta, ga shi nan.

A masallaci dattijon nan ɗan Kumasi ya tambaye ni ina aikin Bowie. Na ce an kore ni, kuma laifina ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa min wuri a sahu.

Sati uku Dorkas ta yi ba albashi, dala dubu ɗaya da ɗari biyu in ji Chundung. Ba ta nema ba, wataƙila ma ta jefo min a fuska. Na samu ambulan na rubuta sunanta. Na daina shiga jirgin Metro, bas biyu nake hawa, sun fi araha. Abin da ke ciki zuwa yau: dala ɗari da tamanin da shida.