Wa ke Sukar Bargi a Tafkin Baure

Alhamis, 4 ga Yuli, 2024

Yau Baba Ɗangiwa, Sarkin Ruwan tungarmu ta masunta, ya rufe Tafkin Baure. Ba taru, ba ƙugiya, ba mashi, sai bayan kaka. Kifi ya shiga ciyawa yin ƙwai. Kowane masunci ya kai mashinshi zauren Baba, anka ɗaure su dami guda anka jingine. Maigidana ma ya kai nashi. Nan dai ba mai ji na, bari in rubuta sunanshi: Shaihu. Shi Baba ya ɗora ma tsaron tafkin, don ɗan ƙanenshi ne, kuma kowa ya san shi ake ma tanadin sarautar.

Ni ɗiyar tela ce daga Tambuwal, ban san kan ruwa ba. Na tambaye shi mi ya sa anka fi tsananta ma mashi. Ya ce akwai babban kifi, bargi, da ke yin sheƙa cikin ciyawar bakin ruwa kamar tsuntsu. In macen ta yi ƙwai ba ta gudu, ko ka tsaya a kanta. "Ko makaho na iya sukar ta, Kamila. Wanda ya soki guda ya kashe dubu." Ya faɗa da zafi har na ji daɗin shi ne mijina.

Litinin, 8 ga Yuli

Asibitin Kebbe, awon ciki. Malamar ta ja fatar idona ta duba, ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai. In ci hanta, in ci kifi, in ci ganye. Na yi dariya. Matar masunci, an ce ta nemi kifi.

Shaihu bai yi dariya ba. 

Juma'a, 12 ga Yuli

An tsinci bargi matacce a bakin tafki, da rami a bayan kanshi. Wani ya soka, kifin ya kuɓuce ya mutu. Maza sun taru bayan masallaci. Maganar kowa guda ce: duk mashin tunga na zauren Baba, to wa ya rage? Rugar Yusuf ce kawai ke kusa da ruwa, kuma shanunshi na shiga ciyawar nan kullum.

Ni ma na ce haka nan ne. Matarshi Maryama ke kawo mini nono, muna shiri, amma mutum ba ka shiga cikinshi. Yau na lura ta cika mini ƙwarya fiye da kullum. Don mi?

Asabar, 13 ga Yuli

Shaihu ya dawo daga zagayen safe da tsokar kifi cikin leda. Ba kai, ba wutsiya. Ya ce wani abokinshi ya kamo a gulbi, can ba a rufe ba. Na dafa. Rabona da cin abu ya zauna mini haka tun azumi.

Laraba, 17 ga Yuli

Kifi kuma. Abokin nan dai akwai kirki. Na ce wane ne, in aika mishi da godiya. Ya ce ban san shi ba.

Shekara biyu nika gidan ga. Wane aboki ne ban sani ba?

Litinin, 22 ga Yuli

Na tafi Tambuwal ganin Inna. Yayana Mu'awiyya ya biyo da ni ta kasuwa, munka ratsa 'yan kifi. Na tsaya ina duba bargin da ke kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ina juya kawunansu, har mai kifin ya ce, "Hajiya, saye za ki yi ko awo?" Biyu na da rami a bayan kai. Na ce daga ina? Ya ce daga ruwa.

Mu'awiyya na aiki sakatariyar ƙaramar hukuma, don haka na tambaye shi ko gwamnati ta hana mashi. Ya ce shi dai a saninshi guba da taru mai ƙananan ido anka fi yi ma magana, bai taɓa jin an kai wani kotu kan mashi ba. "Wagga dokar Sarkin Ruwanku ce. Amma a tunga ta fi ta gwamnati ƙarfi, tunda shi ke ganin ku kullum." Sai ya dube ni. "Ke mi ya haɗa ki da mashi?"

Na ce ba komi. Daga baya na riƙa tunanin yadda ya yi saurin sauya magana. Shi da Shaihu suna waya da yawa kwanan ga. Ko shi ke kawo kifin kasuwa? Astagfirullah. Yanzu har ɗan'uwana.

Laraba, 24 ga Yuli

Maryama ta zo, ba ta zauna ba. Ta ce yaran tunga sun jefi ɗiyarta da laka suna kiran ta ɓarauniyar kifi. "Kamila, mu ko cin shi ba mu yi. Warinshi ma Yusuf bai so." Na ce ta yi haƙuri, gaskiya za ta fito.

Da ta tafi na tuna ban taɓa ganin kowa daga rugar ya sayi kifi ba. Amma wanda bai ci ai yana iya sayarwa. Haka na ce ma kaina.

Juma'a, 26 ga Yuli

Wandon da Shaihu ya cire yau ya jiƙe har ƙugu, da 'ya'yan ciyawa manne a jiki. Mai tsaro a kan tudu yake zagaye. Mi ya kai shi cikin ruwa har ƙugu?

Ya ce sawun mutum ya bi.

Yau tsokar ta zo da ragowar ƙwai a cikinta, jajaye, bai wanke su duka ba. Na tsaya a kan turmi ina kallon su, ɗan cikina na motsi. Na zubar da ƙwan. Naman na dafa.

Talata, 30 ga Yuli

Kazata ta daina ƙwai a akurki, na bi ta bayan makewayi in ga inda take sakawa. Na sa hannu cikin danga, wurin da karan ya yi kauri, sai na taɓa ƙarfe.

Kan mashi ne, mai ƙayoyi biyu da ke komawa baya. Ba tsatsa. An shafa mishi mai. Sandar na gefe, an raba su don kada tsawon ya nuna.

Na mayar yadda na same shi. Na wanke hannu da toka har sau nawa ban sani ba, ƙarnin bai fita ba. Ko a hancina yake.

Laraba, 31 ga Yuli

 Na zuba ma Shaihu tuwo, na zauna ina kallon hannunshi. Ya ce lafiya? Na ce lafiya.

Wataƙila na mahaifinshi ne, ya ɓoye don gado ne, bai so a haɗa shi da na kowa. Wataƙila ƙwace shi ya yi daga hannun ɓarawon, yana jiran lokaci. Wataƙila wani ne ya soke shi a dangarmu don ya ɓata mishi suna, akwai masu son sarautar nan ban da shi. Duk na jera su. Ko guda bai zauna ba.

Juma'a, 2 ga Agusta

Bayan sallar Juma'a anka yanke. An ce dole Yusuf ya tashi da rugarshi kafin Juma'a mai zuwa. An ce ya rantse da Alƙur'ani, ya ce a bincika bukkokinshi, anka bincika ba a samu komi ba. Duk da haka. Tsakiyar damina, ko'ina shuka, ina zai bi da shanu ba su shiga gonar wani ba? In sunka shiga kuma kowa ya san abin da ka iya biyo baya.

An ce liman ya yi magana, ya ce ruwa da abin da ke cikinshi halal ne, amma in jama'a ta yi alkawari to saɓa shi laifi ne, kuma ɗora ma mutum laifi ba shaida ya fi wancan girma. Anka ce Allah shi gafarta malam, anka ci gaba da abin da anka yi niyya.

Na tambayi maƙwabciyata Saudat wa ya yi shaida. Ta ce mijinta ya ce ba wanda ya ce ya gani. Sawun shanu kawai anka nuna kusa da sheƙar. Na ce wa ya nuna? Ta ce, "Wa kuwa, in ba mai tsaro ba?"

Asabar, 3 ga Agusta

Da hantsi, Shaihu na gyaran taru a inuwa, na ɗauko kan mashin na aje mishi bisa tabarma.

Bai firgita ba. Wannan ya fi ƙona mini rai. Ya dube shi, ya dube ni, ya ja zaren da ke hannunshi ya ƙulle.

Na ce, "Malam, kai ne ka ce wanda ya soki guda ya kashe dubu."

Ya ce, "Na faɗa, kuma gaskiya ce."

Na ce to?

Ya ce, "Kin manta yadda matar ƙanena ta tafi bara? Jini. Ana neman jini a Kebbe har ta cika. Ni in zauna ina gadin ƙwan kifi, nawa na cikinki?"

Na ce na kasuwar Tambuwal fa, su ma don cikina ne?  Ya ce ragon suna ba ya faɗowa daga sama, kuma ba shi kaɗai ba ne, in na san waɗanda ke shiga ruwan nan da ban yi mishi wannan kallon ba. Na ce su wa? Ya ci gaba da ƙullin tarunshi. Na ce Yusuf fa? Ya ce Fulani ai tafiya ce sana'arsu, ko ba a kore su ba za su tashi.

Wannan maganar ba tashi ba ce. Daga bakin wani ya ɗauko ta, na ji a muryarshi.

Ya ce in na kai magana, za a hana shi ruwa shekara, sarauta ta wuce gidan ga har abada, in haihu a gidan da ba a gaishe da maigidan. Ya ɗauki mashin ya shiga da shi ɗaki. Yanzu ban san inda yake ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Awo. Malamar ta ce jini ya hau, madalla, duk abin da nika ci in ci gaba.

Laraba, 7 ga Agusta

Na sa hijabi na tafi gidan Baba Ɗangiwa. Na shirya maganata tun daga ƙofa. Yana zaune a zaure, damin mashin tunga na jingine bayanshi, ƙura ta hau su. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya tambayi jiki, ya tambayi Inna. Sannan ya ce, "Ɗiyata, na ga bakinki da magana. Ki sani, abin da duk kika faɗa a zauren ga, dole in ji shi. In na ji kuma dole in yi hukunci, ko a kan wa ya faɗa. Ba ni da ikon in ce ban ji ba." Ya tsaya yana jan tasbaha. "To mi ke tafe da ke?"

Na ce gaisuwa na taho.

Ya ce, "Allah shi yi miki albarka. Allah shi sauke ki lafiya."

Duk hanya ina juya ta. Gargaɗi ne ko roƙo? Ya sani ke nan? Mutumin da ya shekara arba'in a kan ruwan nan, zai kasa bambanta sawun saniya da na ɗan ƙanenshi? Ko so yake in faɗa, don shi ba ya iya farawa, ni kuma na kasa? Ko shi ma ana kai mishi tsokar a leda? Ban sani ba. Yanzu duk wanda ya gaishe ni sai in ga kamar da wani abu a bayan gaisuwar.

Alhamis, 8 ga Agusta

Mutanen rugar sun tashi yau da safe, ba su jira Juma'a ba. Maryama ta ratso da kaya a ka. Ta miƙo mini ɗan kwano na man shanu, ta ce na wankan jego ne, tunda ba ta nan za a yi. Ta ce za su gwada wajen Sanyinna, in an bar su.

Ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki canza mini fuska ba."

Na ce Allah shi kiyaye hanya. Na so in ce wani abu. Ɗiyarta na riƙe da zanenta tana kallon cikina. Na ba yarinyar gyaɗa.

Man na nan bisa kantar ɗakina. Ban buɗe ba.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ruwa tun safe. Tunga shiru, kowa na cewa tunda rugar ta tashi ba a sake tsintar matacce ba. Ai dole, yanzu an iya suka da kyau.

Shaihu ya shigo da leda ya aje bakin murhu, bai dube ni ba. Na daɗe zaune. Daga nan na jawo murhun cikin ɗaki, don ruwan sama, na sakaya ƙofa. Na sa daddawa da yawa.

Saudat ta leƙo ta kan danga ta ce, "Kamila, mi kika dafawa haka mai ƙamshi?"

Na ce miyar kuka ce da daddawa. Ban ko yi tunani ba, bakina ya riga ni. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Ƙayoyin kifin na haƙa rami na rufe, na taka wurin da ƙafa. Bai ce in yi ba.