Akushin La'asar a Barikin Wurno

Kai mai karanta takardun ga, tsaya in ɗaura maka ɗaya kafin ka shiga. Mutanen Wurno sun ce a Goronyo ta mutu, mutanen Goronyo sun ce a Wurno. Ba ta da kabari nan, ba ta da shi can. Amma kullum la'asar sai ta cinye akushin tuwo a barikin Bature. Wace ce? In ba ka sani ba, biyo mu sannu. Ni ce Fatsuma, tsohuwar da tay yi shekara talatin tana tuƙa tuwo a barikin Wurno, inda Turawa ke sauka in sun fito rangadi.

*

Rabah, 2 ga Rajab

Takarda ta fito daga hannun Fatsuma zuwa ga jikata Kaltume. Gaisuwa da aminci, da tambayar lafiyarki, da ta ɗan baƙon da ke cikinki, da ta angona Sale sarkin bariki, wanda kinka ƙwace mini ina ji ina gani.

Bayan haka, ƙuguna na nan yadda faɗuwar bakin rijiya tab bar shi. Mai ɗori ya ce wata uku ba tashi. Kawunki Maccido ya ajiye ni ɗaki kamar buhun gero, matatai na ba ni kunu mai ruwan da za ki ga fuskarki a ciki.

Tunda madafa ta koma hannunki, saurara. Di'o na son miyar gyaɗa da zabuwa, amma ki rage barkono, in ba haka ba ya koma ja kamar ɗanyen nama, a ce kin kashe Bature. Ruwan wanka tulu uku shike so, da zafi, a zuba a baho ya shige ya zauna cikin dattinai kamar kwaɗo. Ke dai dafa tulu huɗu.

Na huɗun, ki jefa ganyen dogon yaro ciki. Da an sallame la'asar ki kai shi gindin tsamiyar bayan bariki, inda darni ke da kafa. Ki haɗa da akushin ga mai tsagaggen baki cike da tuwo, miya ta yi ruwa-ruwa, da butar ruwan sha. Ki aje, ki juya, kar ki waiga. Da safe ki ɗauko, ki wanke shi da toka shi kaɗai, kar ki haɗa shi da kwanonin gida. Na faɗa miki wanga da baki ran da anka ɗauke ni, amma na san kunnenki, ta nan ya shiga ta can ya fita. Ko da Bature ko babu, kullum ne.

Kin sha tambayata na wa ne. Na 'Yar Tsamiya ne, aljanar wurin. Ta riga Turawa zama nan, kuɗin masauki ne muke biya da tuwo.

Gambo mai albasa zai kawo miki wagga. Ki ba shi amsa ran kasuwa. Haza wassalam.

*

Wurno, 6 ga Rajab

Zuwa ga Kakata, tsohuwa mai rigima. Gaisuwa mai yawa. Ni ke faɗa, maigida ke rubutawa, ya ce in gaya miki shi bai san da wani aure tsakaninku ba sai ya ga lefen da yak kai.

Kaka, aiki ya taso mana. Masinja ya zo jiya ya ce Di'o zai sauka ran goma sha biyu da uwargidansa da baƙi huɗu daga Sakkwato, kwana uku, su wuce Goronyo. An ce a kira masu goge da kalangu, a nemo zabi goma da kifin gulbi. Uwargidan Di'o ta aiko a share ko'ina, ba ta son ganin ƙuda ko ɗaya. A Wurno! Cikin bazara!

Akushi ina kaiwa. Amma ni dai tsoro nike ji. Shekaranjiya da na je ɗaukowa na duba ƙasa. Kaka, ba sawun ƙafa ba ne. Wani abu ne anka ja cikin rairayi, ya ratso ta kafar darni ya koma. Gefe da gefe kuma ga shaidar hannuwa, dunƙule, ba yatsu. Na ƙirga da idona, babu ko ɗaya. Kuma ganyen dogon yaron nan an tsame shi an jera kan dutse tsaf, yadda kike jera shi in kin gama wanka.

Tun ina yarinya kike hana ni zuwa wurin, yanzu da ciki wata bakwai kin tura ni. Matan unguwa sun ce irin wannan ne ke musanya ɗa tun a ciki. Ki faɗa mini gaskiya, mi ke cin tuwon ga?

Allah ya ba ki sauƙi. Jikarki, Kaltume.

*

Rabah, 9 ga Rajab

Zuwa ga matsoraciya jikar jaruma. Gaisuwa.

Wa yac ce ki duba ƙasa? Ni sama nic ce ko ƙasa? Cewa niy yi ki aje ki juya.

To tunda kina son labari, ga shi. Zamanin kakanki yana sarkin bariki, anka yi wani kuku ɗan Bida mai taurin kai, yac ce shi ba ya ciyar da aljana. Kwana ɗaya yah hana akushi. Da gari yaw waye sai ga shi kan tsamiya zaune cikin bahon Bature, ba ko bante, sai da anka kawo tsani. Har yab bar Wurno bai sake cin tsamiya ba. In kina son a ga mijinki haka gaban uwargidan Di'o, bismilla.

Ba ta taɓa ɗan kowa, wagga na rantse miki. Ke musamman ba ta taɓa ki. Ki ƙara mata nama in an yanka zabi, ki dafa ya yi lugub, haƙoranta sun yi saura kaɗan. Kar ki ce mini ina nis sani. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka.

Kar a fasa, Kaltume. Ko rana ɗaya.

Ki gaida angona. Haza wassalam.

*

Wurno, 18 ga Rajab

Zuwa ga Kaka. Gaisuwa da fatan ƙugu ya yi dama. Gambo bai je Rabah kasuwar da ta wuce ba, jakinsa ya yi ciwo, shi ya sa kinka ji shiru.

Baƙi sun zo sun tafi lafiya. An ci zabi har Di'o ya aiko a kira mai miya ya ga fuskarta, na ce ina kunya. An jera kujeru gaban bariki da yamma, masu goge sunka yi, sannan Turawa sunka kunna garmaho, namiji ya kama mace suna zagaya kamar masu neman allura a ƙasa. Uwargidan Di'o ta yi wanka sau biyu a yini, tana zuba wani gishiri mai ƙamshi a baho. Na dafa ruwa har bayana ya ƙage.

Yanzu ga abin da ba za ki so ba. Labarin ɗan Bida da kinka rubuto, maigida ya kai wa liman. Liman ya ce ciyar da aljani haramun ne, a daina, a yi addu'a. Ga uwargidan Di'o ta ce ba a barin abinci a fili. Tun ran goma sha ɗaya ga wata maigida ya toshe kafar darni da ƙaya, ya ɗaure da igiya. Akushi na kife a madafa. Kuma ba wanda ya kwana kan tsamiya, tsohuwa, ƙaryarki ta ƙare.

Sai dai wani abu. Ranar farko da la'asar na ji ana taɓa ƙayar a hankali. Rana ta biyu, garmaho na ta yi a gaba, ni ina bayan madafa ina fige zabuwa, sai na ji murya ta mace, a shaƙe, kamar ta hanci take fita. Ba kuka take ba. Waƙar rarrashin jariri take, ƙasa-ƙasa. Kaka, ban taɓa jin kin yi waƙar ga ba, amma na san ta. Bakina ya riƙa bin ta kafin ta kai. Na jefar da zabuwa na gudu.

Kwana biyar tana zuwa. Kullum muryar na ƙara nisa, ko ƙara ƙanƙancewa, ban sani ba. Yau kwana uku shiru. Maigida ya ce addu'a ta ci. To mi ya sa ni ban ji daɗi ba?

Jikarki, Kaltume.

*

Rabah, 19 ga Rajab

Sale, kai nike wa magana, na san kai ke karantawa. Ba gaisuwa.

Babu aljana. Ba a taɓa yin ɗan Bida ba, ni niƙ ƙirƙiro shi kwance kan tabarma. Ni niƙ ƙirƙiro 'Yar Tsamiya don kar kowa ya je wurin da la'asar. Mutum ce, 'yar Adam, mai salla. Tafkin fadama ya ƙafe tun watan jiya, butar ga ita ce ruwanta.

Ka aje takardar ga yanzu. Ka cire ƙaya, ka bi jan da ke cikin rairayi, zai kai ka kwazazzabon da ke bayan gonar albasa, akwai bukka ƙarƙashin dutse. Ka ɗauki ruwa da kunu mai ɗumi. Ka tafi da Kaltume, ko ba ta so.

Kar ka tambaye ni sunanta. Ta sa na dafa Alƙur'ani ba ni faɗa tana da rai.

Na ba Gambo goro ya kwana tafe. Allah ya sa ya iso. Allah ya sa.

*

Wurno, 23 ga Rajab 1372

Daga Sale, sarkin barikin Wurno, zuwa ga Kaka Fatsuma. Gaisuwa da ladabi da neman gafara.

Takardarki ta same ni da hantsi ran ashirin. Na yi yadda kika ce. Mun sami bukkar. Mun sami mace a ciki kwance, da rai, amma ƙishi ya gama da ita. Kuturta ta cinye yatsunta na hannu da na ƙafa, da gwiwa take tafiya. Gwiwoyin duk ƙaya. Ta yi ƙoƙarin cire wadda na sa.

Da ta ga mutane sai ta ja tsumma ta rufe fuska, ta ce, "Kar ku matso. Ku aje daga nan." Ni na tsaya. Kaltume ba ta tsaya ba. Ta ɗaga kanta ta ba ta ruwa da ludayi. Matar ta ce, "Ke da ciki, yarinya, ja baya." Kaltume ta ce, "Sha dai, Inna." Haka take kiran kowace babba, amma matar ta daɗe ba ta haɗiye ruwan ba.

Ta ƙi a ɗauke ta zuwa gari. Kwana biyu Kaltume na kai mata kunu, ta dafa ruwa da dogon yaro ta gasa mata gwiwoyi. Na tambaye ta sunanta da garinsu, ta ce ta manta. Ta tambayi ƙugunki. Ta ce tuwon kwanan baya ya fi naki laushi, a gaya wa mai tuƙawa. Da Kaltume ta ce ita ce, sai ta ce, "Na sani. Ina ganinki ta darni tun kina rarrafe."

Jiya bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Kaltume da matar liman suka yi mata wanka. Na kawo ruwan da tulunan bariki, huɗu. An rufe ta kafin magariba, mu shida a kanta. Liman ya tambayi sunan da za a ambata a addu'a, ba wanda ya sani.

A ƙarƙashin tabarmarta mun sami ƙullin tsumma. Ciki akwai ɗan warwaron jariri, da haƙoran yaro guda uku, da guntun zane mai ɗigon shuni. Kaltume ta ce zanenta ne da ya ɓace a shanya shekarar da aka yi mata kitson fari.

Ni na sa ƙayar da hannuna. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Kaltume ba ta ci abinci ba tun jiya. Ta ce in rubuta miki wannan kamar yadda ta faɗa: "An ce mini uwata ta rasu a Goronyo ina wata biyar. Yanzu rantsuwarki ta sauka. Ki faɗa."

Ina ƙara da nawa. Ko mene ne amsar, Kaltume matata ce, ɗan cikinta ɗana ne. In don ni kike ɓoyewa, ki daina.

Wassalam. Sale.

*

Rabah, 25 ga Rajab

Zuwa ga Kaltume. Gaisuwa, da ta'aziyya gare ki da gare ni.

Da ciwon yaf fito mata, mijinta yas sake ta a Goronyo, tat taho mini da ke a goye. Tac ce in an san ke ɗiyar kuturwa ce ba mai cin tuwonki, ba mai aurenki. Tac ce in kashe ta da baki. Nic ce wa Wurno Goronyo, nic ce wa Goronyo Wurno. Ba wanda yat taka ya duba.

Ƙayar ba ta Sale ba ce. Ni nis saba da wasa har niy yi shi inda ya kamata in yi magana.

Ki ci abinci. Ki wanke akushin, ki haɗa shi da kwanonin gida.

Ki kai wa liman sunan. Ɗiyar fari ce, kunya ba ta taɓa bari na kira shi da bakina ba, yau na rubuta. Wadda ke cin tuwon la'asar a barikin Wurno Larai ce, ɗiyata, uwarki.